Gaiwa Mai Cin Jikinta

Idan ka je bakin Tafkin Geriyo da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa da abin da dare ya ba su, za ka ga kifi ma daraja gare shi hawa-hawa kamar mutane. Giwan ruwa, in an dace da shi, tun jirgi bai taɓa gaɓa ba masu sari sun fara ciniki. Tarwaɗa da karfasa na kowa ne. Ƙurungu ma yana da masoyansa duk da ƙayarsa. Gaiwa kuwa sai a jefa ta can gefe, mai saye ya zo ya ɗan zungure ta da ƙafa, ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan kuma kifi ne ko maciji?" Na san gidaje a nan Damare da ba a taɓa ɗora ta a murhunsu ba, kuma in ka tambayi dalili sai a ce maka haka aka tarar.

Ni jikan masunci ne. Kakana daga ƙasar Kabi ya taso, ya biyo ruwa yana su yana yada zango, har ya zo ya kafa bukka a wannan yanki na Binuwai. A gidanmu ana cin gaiwa, an fi son ta banda, a saka a miyar kuka. Kuma a gidanmu na fara jin maganar da tsofaffi ke yi wa ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa, ya koma yana cefane da uwar kuɗi. Sai su ce wane ya zama gaiwa, jikinsa yake ci. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, na karanta abin da ya sawwaƙa game da wannan halitta, kuma abin da nake so in gaya wa masu karatu shi ne tsofaffin nan sun faɗi daidai, tun kafin wani ya auna abin a ɗakin bincike.

Wajen watan Maris, lokacin da zafin Yola ke wuce digiri 40, kududdufan fadama sun ƙafe, laka ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, kaka yakan ɗauki dagi ya ce mu biyo shi. Ba ruwa ko ɗigo a wurin, amma shi kifi ya fito nema. Yana tafe a sunkuye yana duban ƙasa, har ya ga wata 'yar kafa da ba ta wuce kaurin yatsa ba, bakinta sumul. Nan zai durƙusa ya haƙa a kewaye, kimanin kamu guda, ya ɓamɓaro dunƙulen laka. In ya fasa, sai ka ga wata jaka ruwan ƙasa-ƙasa kamar busasshen ɓawon albasa. A cikinta gaiwa take, ta naɗe, ta ɗora wutsiyarta a kan fuskarta. Wani lokaci in an taɓa ta takan yi wani ɗan ƙara, mu yara mu watse da gudu, kaka yana dariya. Ya kan ce mu duba yadda ta rame, mu duba inda wutsiyar take. Ta shiga da ƙiba da kaka, ga ta yanzu ta zabge, babu abinci a ramin, babu ruwa, to me ta ci in ba jikinta ba?

Yadda take shiga ramin shi ne, idan ta ji ruwa yana janyewa, tun laka na da taushi sai ta nutsa kai ƙasa, tana cizon lakar tana fitarwa ta gefen kumatu, har ta yi wa kanta ɗaki. Ta juyo kanta sama. Muddin akwai sauran ruwa a ramin tana hawowa ta shaƙi iska ta koma. Da ruwan ya ƙare, sai fatarta ta yi ta fitar da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama wannan jakar, ta rufe ta ruf, sai ɗan bututu kawai a daidai bakinta. Ta nan take numfashi, ta wannan kafar da kaka ke nema. Domin gaiwa huhu gare ta, guda biyu, irin na dabbar tudu. Jan abin nan mai kama da matsefi da ke ƙarƙashin kumatun kifi, wanda sauran kifaye ke zuƙar iska daga ruwa da shi, nata ya ƙanƙance, ba ya isar ta. Shi ya sa ko a tsakiyar damina dole ta riƙa leƙowa sama. Kowane masunci ya san idan gaiwa ta faɗa gurar da ruwa ya shanye gaba ɗaya ta kwana a ciki, da safe gawarta za a tarar. Kifi ne da ruwa ke iya kashewa, ka ji ikon Allah.

Wannan huhun ne ya rikita Turawa. A shekarar 1839 wani masanin gaɓoɓin dabbobi a Landan, Richard Owen, ya samu irin gaiwarmu daga kogin Gambiya, ya feɗe ta, ya raɗa mata suna da Latin. Yau ana kiranta Protopterus annectens, kalma ta biyun kuwa ma'anarta mai haɗawa. Kafin nan da shekara biyu an bayyana 'yar uwarta ta kogin Amazon a Kudancin Amurka. Sai gardama ta ɓarke tsakanin masanan Ingila da na Jamus. Wasu suka ce mai huhu ai dangin kwaɗi ce. Owen ya tsaya a kan kifi ce. Daga baya aka ware musu gida nasu a cikin kifaye, aka ba gidan suna mai ma'anar masu numfashi biyu. Wato tambayar da mai saye ke yi a bakin Geriyo yana yamutsa fuska, manyan malamai sun yi shekaru suna irinta da alƙalami. A wancan ƙarnin har dunƙulen laka ake ɗorawa a jirgin ruwa daga Afirka ta Yamma zuwa Ingila, a je a jiƙa a ruwa mai ɗumi, kifi ya fito da rai, mutane su taru suna kallo. Charles Darwin ma ya ambaci wannan dangi a littafinsa na 1859, a cikin halittun da ya ce sun daɗe ƙwarai siffarsu ba ta sauya ba.

Akwai wani saurayi daga jami'ar Kambirij, John Samuel Budgett, da labarinsa ke ba ni tausayi. Ya je Gambiya a 1898, ya koma a 1900, yana neman ya ga yadda irin waɗannan kifaye ke hayayyafa. Sheƙar gaiwa da ya samu, wadda aka yi ta yabonsa a kanta, wani masunci ɗan ƙasar ne ya kai shi wurin. Rami ne a cikin ciyawar fadama, uban yana ciki yana gadin ƙwai, yana kaɗa wutsiya don ruwan ya motsa. 'Ya'yan in sun ƙyanƙyashe suna da wasu 'yan tuntaye a gefen kai da suke numfashi da su, kamar 'ya'yan kwaɗo, sai sun girma abin ya ɓace. Budgett ya zo Nijeriya a 1903, can ƙasan Kwara, yana bin ƙwan gartsa, ya samu abin da yake nema, ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa, ya mutu a watan Janairun 1904 yana ɗan shekara 31. Sunansa yana cikin littattafai. Ni kuwa duk lokacin da na tuna labarin, masuncin nan nake tunawa, don na tabbata shi bai ga wani abin mamaki ba a ramin da ya nuna, tun yana yaro ya san shi. Kaka ma ya sha nuna mana irin wannan sheƙa da damina, ya hana mu sa hannu. Gaiwa ba ta da haƙora jere kamar tsage, wasu faffaɗan ƙasusuwa gare ta da take murƙushe katantanwa da su, in ta kama yatsa sai an ji.

Wanda ya auna maganar cin jiki kuwa wani Ba'amurke ne, Homer Smith. A 1928 ya je Tafkin Biktoriya a Gabashin Afirka, ya kwaso 'yar uwar gaiwarmu ta can, wadda mutanen wurin ke kira kamongo, ya kai su Amurka ya sa su a laka ya bar ta ta bushe. Ya riƙa auna nauyinsu, da iskar da suke shaƙa, da abin da ke cikin jininsu. Sai ya tarar aikin jikin ya yi ƙasa ƙwarai, kamar fitilar da aka rage wa lagwani, kuma ɗan man da fitilar ke sha daga tsokar kifin yake fitowa. Jikin yana narkar da naman kansa kaɗan-kaɗan don ya rayu. Tsofaffinmu sun ga wutsiya a bakin kifi sun ce ita yake gutsura. Smith ya nuna cin daga ciki ake yinsa, ba da baki ba. Amma dai jikinta take ci, wannan bai canza ba. Wutsiyar ma tana da nata amfanin a wurin, tana rufe idanu da fuska kada su bushe. Kuma an tabbatar in wani abu ya gutsure wutsiyar gaiwa ko siraran hannayen nan nata masu kama da igiya, sukan sake tsirowa. Wanda ya sha ganin gaiwa da guntuwar wutsiya mai sabon toho, ba laifinsa ba ne in ya ce ita ta ci.

Abin da ya fi burge ni a binciken Smith shi ne maganar fitsari. Duk mai rai da ya ƙona nama a jikinsa, sai dattin ya fito a matsayin wani sinadari mai guba, ammoniya. Kifin da ke cikin ruwa ba ruwansa, yana fitarwa ruwa na kwashewa. Gaiwar da ke kulle a jaka fa, ina za ta zubar? Ƙodarta ma ta kusan daina aiki, don ba ta da ruwan da za ta yi asara. Sai hantarta ta juya gubar nan zuwa yuriya. E, yuriya dai, irin takin nan fari da manoman shinkafar Geriyo ke saye da tsada a buhu. Ita ba ta da guba sosai, sai ta yi ta taruwa a jinin kifin wata da watanni, har ta kai yawan da in a jinin mutum ne likita zai ce ƙoda ta mutu. Ranar da ruwan farko ya cika ramin, jaka ta jiƙe, gaiwa ta fito a sanɗare tana tangaɗi, cikin 'yan kwanaki ta wanke abin duka. A fadama watanni take yi a haka, daga janyewar ruwa zuwa dawowarsa, amma a ɗakin bincike an ga wadda ta wuce shekara 3. Shi Smith daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masana aikin ƙodar ɗan Adam a duniya. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda, ya ga kuɗin da ake kashewa duk mako don a cire wannan datti daga jini, zai gane dalilin da ya sa likitoci ba su raina kifin da muke zungura da ƙafa ba.

Har yanzu ba a gama da ita ba. A 2021 wasu masu bincike a jami'ar New Mexico ta Amurka sun nuna jakar nan da muke ɗauka busasshen yauƙi ce kawai, tana da rai, cike take da ƙwayoyin garkuwar jiki masu tare ƙwayoyin cuta kafin su kai ga fata. A shekarar ce kuma masana a ƙasar Sin suka karanta rubutun gadon halittar gaiwa irin tamu, suka tarar ya kai harafi biliyan 40, alhali na mutum bai fi biliyan 3 da 'yan kai ba. Iri 6 kacal suka rage na wannan dangi a duniya: 4 a Afirka, 1 a Kudancin Amurka, 1 a Ostareliya. Ɗaya daga cikinsu tana kwance a ƙarƙashin lakar bayan gidajenmu.

To, a nan damuwata take. A idona gaiwa ta ragu, kuma masuntan da nake zama da su haka suke faɗa. Babban kogi ba gidanta ba ne. Ita 'yar kududdufi ce, 'yar bakin fadama mai ciyawa, inda ruwa ke zuwa da damina ya zauna, ya janye a hankali da kaka. A hankalin nan shi ne rayuwarta, don sai laka ta ba ta lokaci kafin ta haƙa. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a Kamaru a 1982, zuwan ruwan Binuwai da tafiyarsa ya koma rabi a hannun sama rabi a hannun masu buɗe ƙofa. Mun ga abin da ya faru a 2012 da 2022, ba sai na tuna wa kowa ba, wasunmu har yau alamar ruwan na jikin bangonsu. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za ta tare mana, tun muna samari ake maganarta. Wannan ya fi ƙarfinmu, sai dai mu yi ta kira.

Amma akwai wanda ke hannunmu. Kududdufan da kaka ke kai mu, na ƙirga waɗanda na sani da ƙafata, yawancinsu babu su. Wani an cike shi da shara an yanka fuloti. Wani masu tubali sun kwashe lakarsa har ƙasa. Dama tsofaffi na ba da labarin gidan da aka gina da tubalin fadama, da ruwan farko ya jiƙa bango sai ga gaiwa ta faɗo tsakar gida. Wani kuma ya zama gonar rani, tarakta na bi ta kansa a daidai lokacin da kifin ke kwance kamu guda a ƙasa. Sannan ga maganin ciyawa da ake fesawa har bakin ruwa, ciyawar nan kuwa ita ce inda uban ke gina sheƙa. Ga yara masu su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako.

Kada a ce malam yana ƙin noman rani. Ƙanena yana da gona a Geriyo, a filayen da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, kuma shinkafarsa nake ci. Mun yi wannan magana da shi ya ce, "Yaya, kai kana da fansho, ni in ban noma bakin ruwan nan ba wa zai biya kuɗin makarantar yara? Kifi zan tausaya wa?" Ban da amsar da ta fi tasa ƙarfi. Mutane sun ƙaru. Tun 2014, lokacin da sansanin masu yi wa ƙasa hidima na nan Damare ya cika da 'yan uwanmu da suka gudo daga Mubi da Michika da Madagali, da yawa sun zauna tare da mu, kowa na bukatar inda zai kafa ɗaki da inda zai soka iri. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma, mai injin ban ruwa lissafin kowace lita yake yi. A irin wannan hali wanda ya zo yana maganar kifin laka sai a yi masa kallon wanda ya ƙoshi.

Duk da haka abin da nake roƙo bai kai a fasa noma ba. Kaka yana da doka a wajen haƙa: in kafar ƙarama ce ba ya taɓawa, kuma ba ya ƙarar da kududdufi guda, sai ya bar wani gefe ya ce na baɗi ne. Da damina ba ya kama uban da ke kan sheƙa, don in an ɗauke shi ƙwai dubbai sun lalace. Ba gwamnati ta sa shi ba, sarkin ruwa ne da dattawan sana'a suka riƙe abin, wanda ya karya kuma a ji kunyarsa. Masu unguwanninmu da shugabannin masunta da na manoman rani za su iya zama su ware kududdufi ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka rage, a ce wannan ba a cikewa, ba a kwasar laka, ba a fesa magani sai an bar taku kaza daga bakinsa. Ƙanena da kansa ya yarda taku goma ba zai karya shi ba. Ba gaiwa kaɗai za ta amfana ba ma, tarwaɗa da karfasa a irin wuraren nan suke zuba ƙwai in ruwa ya hau. Kuma ramin da ke shan ruwan ambaliya, in ka cike shi, ruwan zai nemi wani wurin, sau da yawa ɗakin wanda ya cike.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu malaman makaranta. Na taɓa sa 'yan aji su zana wannan kifi daga littafi, suka zana shi tsaf, suka rubuta sunansa na Turanci, suka haddace cewa yana da huhu. Na tambaya wa ya taɓa ganinsa, aji ya yi tsit. Da na ce gaiwa ce, sai wani yaro ɗan masunta ya zabura ya ce, "Malam, gaiwa dai? Ai jiya ma Baba ya kawo!" Daga nan shi ya karɓe darasin. Ya faɗi inda take kwana, da abin da take ci, da yadda ake riƙe ta kada ta yi cizo, abubuwan da babu su a littafin. Yaron nan a da ba ya buɗe baki a aji.

Duk malamin da ke son ya nuna wa ɗalibansa, ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ne lokacin. A nemi tsohon masunci ya raka ku, kada a je a yi ta sara ƙasa barkatai. A ciro dunƙule guda ɗaya tak, da lakarsa, kada a fasa. A sa a babban baho, a zuba ruwan tafki ko na rijiya wanda ya ɗan sha rana, kada ya wuce tsawon tafin hannu don ta iya kai bakinta sama. Sai a zauna a jira, abin yakan ɗauki sa'o'i, yara za su gaji su fara surutu kafin lakar ta narke. In ta fito kada a rufe bahon ruf, kada kowa ya sa yatsa. Bayan kwana biyu a mayar da ita Geriyo, gefen da ke da ciyawa.